Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

Duk jajiberin Sallah, masu tura waƙa a waya kusa da shagon babana sukan haɗa "waƙoƙin Sallah" da sunan wani jarumin fim da hotonsa, babu sunan mawaƙi ko ɗaya. Haba jama'a! Jarumin nan fa baki kawai yake motsawa.

Dattawanmu masoya Shata sun ce duk shirme ne, a watsar. Ban yarda ba, waƙoƙin da daɗinsu. Laifin shi ne binne sunan mai murya. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma waƙarsu ba ta taɓa yawo da sunan wani ba.

Kafin ka biya kuɗin turi, tambaya: wa ya rera?