Martani: Kwanciya a kan mutum ba tsaron gida ba ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce dokar ƙarin kamu shida da gasar zari-ruga ta NRL a Ostiraliya ta shigo da ita a 2020 ta kashe tsaron gida, ta kuma mayar da alƙalin wasa sarki. Wane tsaron gida?

Kafin dokar, wadda ke ba masu ƙwallo sabon kamu shida ba tare da an tsayar da wasa ba in an ɓata musu lokaci da danniya, mutum uku za su kayar da mai ƙwallo, ɗaya ya danne ƙirji, ɗaya ya riƙe ƙafa, na uku ya tashi a hankali kamar mai ciwon baya, har abokansu su ja da baya mita 10 su daidaita sahu. Ƙungiyoyi har masu koyar da kokawa suka ɗauka don wannan aiki. In alƙali ya busa, gaba ta kai su, sun samu numfashi. Laifin da hukuncinsa hutu ne, wa zai daina?

Ka kuma kafa hujja da wasan ƙarshe na 2019, inda alƙalin wasa Ben Cummins ya yi wa ƙungiyar Canberra alamar ƙarin kamu shida, ya sauya magana, Sydney Roosters suka ci 14 da 8. Haba Malam! Lokacin sabuwar dokar ba ta ma zo ba, kuma alƙalai biyu ne a fili.

Dokar tana da gibi, shi ya sa aka yi mata kwaskwarima a 2022. Amma mai iya kamu har yau yana kamawa. Gwanayen danniya ne kasuwarsu ta faɗi, kuma su kake wa kuka.