Raɗa wa Fayiloli Suna a Lokaci Ɗaya

A wannan wata za mu duba wata matsala da ta addabi malaman makarantu da sakatarorin ƙungiyoyinmu na zango, wato tarin fayiloli marasa sunan kirki a cikin kwamfuta.

Ga yadda abin yake faruwa. Malami ya ɗauki hoton takardun sakamakon yara da wayarsa, ya zuba su a kwamfuta. Ita waya ba ta san Audu ba, ba ta san Ladi ba. Abin da ta sani shi ne IMG_0001, IMG_0002, haka har ɗari uku. Bayan shekara biyar sai uba ya zo neman takardar ɗansa domin shiga makarantar gaba, ta asali kuwa ruwa ya ci. Takardar tana nan, amma sai an buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya kafin a gano ta. Fayil marar suna da ɓatacce kusan duk ɗaya ne.

A zamanin DOS sunan fayil ba ya wuce harafi 8, sai wutsiya mai harafi 3. Tun da Windows 95 ta fito a 1995, suna yana iya kaiwa harafi 255. Saboda haka yanzu ba mu da hujjar barin takardun yara cikin duhu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi fayilolin duka, a danna F2, a rubuta suna ɗaya. Windows za ta ba su sunan nan, ta bi kowanne da lamba. Amma wannan hanya tana shafe tsofaffin sunayen gaba ɗaya. Wanda yake son ya riƙe su, ya ƙara musu bayani kawai, sai ya rubuta wa kwamfuta ɗan umarni.

A buɗe Notepad, a rubuta wannan a layi ɗaya:

for /f "delims=" %%f in ('dir /b *.jpg') do echo ren "%%f" "2024_aji6_%%f"

A layi na biyu a rubuta pause, don kada tagar ta rufe kafin a karanta. A ajiye shi cikin foldar da hotunan suke da suna gyara.bat, a kuma tabbata wutsiyarsa .bat ce, ba .txt ba. Ma'anar layin ita ce: lissafa duk fayil mai wutsiyar .jpg, ka bi su ɗaya ɗaya, ka maƙala wa kowanne shekara da aji a gaban sunansa. Da haka IMG_0001.jpg zai koma 2024_aji6_IMG_0001.jpg.

A lura da kalmar echo. Muddin tana nan, kwamfuta ba za ta taɓa kome ba, za ta dai nuna abin da take shirin yi. Sai an karanta an gamsu, sannan a goge kalmar, a ajiye, a danna fayil ɗin sau biyu. Aikin yini guda sai ya ƙare kafin shayi ya huce.

To, amma fa a yi hattara. Canjin da aka yi da F2 ana iya janye shi da Ctrl da Z, wanda aka yi da umarni kuwa ba ya janyuwa ta wannan hanya. Don haka a kwafe foldar zuwa wani wuri tukuna, rigakafi ya fi magani. Kada kuma a danna fayil ɗin bayan an gama, domin zai ƙara maƙala shekara da aji a kan na farko. Kwamfuta ba ta tambayar dalili, abin da aka ce mata shi take yi.

Game da sunayen kansu, shawararmu ita ce a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-07-15, domin fayiloli su jeru da kansu bisa lokaci. Windows ba ta karɓar alamomi irin su ? da * da / da : a cikin suna. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, tana karɓarsu, sai dai sukan rikice a cikin fayil ɗin umarni. Gara a yi amfani da b da d da k a nan, a bar masu lanƙwasa ga rubutun da ke cikin takardar.

Muna kira ga shugabannin makarantu da su zauna da malamansu, su tsayar da tsarin suna guda ɗaya. Malami yakan tashi, wani ya zo, amma takardun yara amana ce da ke zama. In kowa ya raɗa suna yadda ya ga dama, magajinsa ne zai sha wahala, yaro kuma ya rasa gurbinsa.

Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.