Zaman Iyali: Zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi



Hirarmu ta wanga wata bisa wata al'ada ce da waɗansu mutanen birni suke yi a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. In ranar da aka ɗaura ma mutum aure ta kewayo, sai ya ɗauki matarsa da marece su tafi gidan cin abincin da suka saba. Su zauna tebur guda, su ci kaza ko kifi, su yi hira, ya biya kuɗi, su koma gida. Ba makaɗi, ba maroƙi, ba gayya. Su biyu kaɗai.

Wannan al'ada daga Turawa ta fito. A ƙasar Faransa har suna suke ba shekarun aure. Shekara 1 auren auduga ne. Shekara 5 auren itace. Shekara 25 auren azurfa. Shekara 50 auren zinariya. Ku duba da kyau: daga auduga aka fara, aka ƙare da zinariya. Ma'ana, gwargwadon daɗewar aure, gwargwadon darajarsa.

Mu kuwa a ƙauye sau da yawa akasin haka muke yi. Dukan ƙarfinmu ranar buki yake ƙarewa. Ga sadaki, ga goro, ga tufafin amarya, ga kayan ɗaki. Wani ya saida sa, wani ya taɓa hatsin rumbu, wani har ya jinginar da gona. In an yi kwana 7 taro ya watse, shi ke nan. Shekara 20 ta wuce. Matar nan ta yi daka, ta jawo ruwa rijiya, ta yi itace, ta kai fura gona, ta yi goyo, ta kwana zaune gaban yaro mai zazzaɓi. Amma ko rana guda ba a taɓa ware mata ba. Baƙo ya zo a yanka masa zabo, ita kuwa sai wuya da ƙafafu.

Wani zai ce: "Wannan abin Nasara ne. Mu da kunya aka san mu. Namiji ba ya cin akushi guda da matarsa, kuma garinmu babu gidan cin abinci." Gaskiya ne, kunya ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma tuna alherin mace ba Bature ya fara shi ba. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya zauna da Nana Hadiza wajen shekara 25. Bayan rasuwarta bai manta da ita ba. In ya yanka akuya yakan aika ma ƙawayenta da nama. To, in ana tuna wadda ta rasu, ina ga wadda ke tsakar gida tana hura wuta?

Ga abin da kowa zai iya yi ba tare da wahala ba.

Na farko, ka san ranar. Da yawa cikinmu cewa suke: "An yi mani aure shekarar yunwa." Wace yunwa? Ta 1973, ko ta 1984, ko ta 2005? Yanzu da ka iya karatu da rubutu, ɗauki littafinka ka rubuta rana da wata da shekara. Ka lura, shekarar Musulunci kwana 354 ce, ta Turawa kuma 365. Saboda ratar kwana 11 ɗin nan, watan da aka yi bukinku da kaka, wata rana cikin damina zai faɗo. Zaɓi lissafi guda ka riƙe. In ba ku da takardar aure, ku tafi ofishin magajin gari a rubuta ku. Takardar tana da amfani ranar rabon gado da ranar shari'a.

Na biyu, ran nan kada ta ɗora tukunya. In kuna kusa da babban gari, kuma ba ta cikin kulle, ku tafi wajen mai abincin da ka saba ci gare ta ranar kasuwa. In ba haka ba, kai ka kawo cimakar gida. Tsaya wajen mahauci ka sayi tsire ko balangu ko kilishi, ka haɗa da ɗanyar albasa da yaji. In yara sun yi barci, ku shimfiɗa tabarma ku ci tare. Kai makiyayi, kada ka ce za ka ba ta nono, don nono dama a hannunta yake. Nuna mata ƴar akuya ko tunkiya cikin garke ka ce tata ce.

Na uku, kada ka ci bashi, kada ka taɓa iri. In ranar ta faɗo lokacin da rumbu ya yi ƙasa, bari sai an yi girbi. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda yake da jika guda ya yi na jika guda. Wanda ba shi da ko dala ya yi da bakinsa.

Na huɗu, mai mace biyu ko uku ya yi adalci. Kowace da ranar da ta shigo gidan. Abin da ka yi ma amarya ka yi ma uwargida, kada neman lada ya jawo faɗan kishi.

Ƴan uwa, ba naman ba ne abin nema, maganar ce. Aure da yawa ba yunwa ke kashe shi ba, rashin godiya ne. In mace ta yi yaji ko aka sake ta, ɗiya ne ke shan wahala, gona ma ta ji a jikinta. Ka ce mata: "Uwargida, yau shekara kaza muna tare. Sannu da haƙuri, Allah ya saka miki." Ko da kunya ta hana ta amsawa, ta ji. Ke ma ki ce: "Maigida, Allah ya bar mu tare." Magabata sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi.

Wanda ya karanta wannan ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya ba mu zaman lafiya cikin gidajenmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.