Guzurin Farken Zamani: Wace Waya, Wane Layi?

Duk wanda ya tsaya a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, zai ga manyan motoci shaƙe da albasa da hatsi da dabbobi, wasunsu kuwa ba za su sauke kaya ba sai sun tsallake iyakar Nijeriya. Akwai masu bi ta Kamba su faɗa Gaya da Malanbil, akwai masu yin arewa ta Illela su shiga Birnin Ƙonni, akwai kuma waɗanda jirgin sama ke ɗauka zuwa Jidda ko Dubai ko Sin domin saro kaya. Fatauci tsohuwar sana'a ce a wannan ƙasa, tun zamanin da madugai ke jan ayari zuwa Gwanja neman goro. A wancan lokaci guzurin farke bai wuce salka da ƙilishi da jaki mai ƙwari ba. Yau kuwa an sami wani abu wanda idan ya ƙi aiki a baƙon wuri, ciniki ya tsaya cik, wato wayar hannu.

Abin takaici shi ne yawancin matafiya suna zaɓen wannan muhimmin guzuri da ido kawai. Mutum zai tambayi girman fuskar waya da yawan idanun hotonta da sunan kamfanin da ya ƙera ta, amma ba zai tambayi ko za ta yi magana a ƙasar da za shi ba. Gaskiyar magana ita ce dukiyar farke tana cikin lambarsa, ita kuwa wayar akwati ce kawai da ke ɗauke da lambar. Wanda ya fahimci haka zai fara da tunanin yadda layinsa na gida zai rayu a ƙasar waje, sannan ya nemi wayar da za ta biya masa wannan buƙata.

Kunnen waya da zangon da yake ji

Ɗaliban ilmin halittu sun san cewa kunnen ɗan Adam yana jin sautin da kaɗawarsa ke tsakanin 20 da 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Jemage kuwa yana fitar da sautin da ya zarce wannan iyaka, yana kuma jinsa, shi ya sa yake farauta cikin duhu alhali mutumin da ke tsaye kusa da shi bai ji komai ba. Haka waya take. Tana magana da turken sabis ne ta igiyar rediyo, kuma kowace waya an ƙera ta da iyakar zangon da take iya kamawa, kamar dai yadda akwatin rediyon da ba shi da gajeren zango ba zai kamo tashar da ke watsa shiri a kansa ba, komai tsawon eriyarsa.

Da aka fara amfani da wayar GSM a Nijeriya a watan Agusta na 2001, an ɗora ta ne a kan zangon megahaz 900 da 1800, irin na Turai da yawancin ƙasashen Afirka da Asiya. Amurka kuwa ta yi amfani da 850 da 1900. Da tsarin 4G da 5G suka zo, zangunan sun ƙara yawa, kowace ƙasa da waɗanda ta ware. Bambancin yana da tasiri a aikace. Tsawon igiyar megahaz 900 ya kai kimanin santimita 33, tana tafiya nesa, tana kuma ratsa bangon ƙasa, shi ya sa ta dace da karkara irin ta Shagari inda turaku ke nesa da juna. Igiyar megahaz 3,500 da aka yi gwanjonta domin 5G a Nijeriya a ƙarshen 2021 ba ta kai santimita 9 ba. Tana ɗaukar bayani mai yawa amma ba ta da dogon zango, sai a cikin birni. Saboda haka farken da yawancin tafiyarsa tsakanin kasuwannin ƙauye ce, kuɗin da zai ƙara domin 5G kusan asara ne. Abin da ya kamata ya duba shi ne jerin zangunan 4G da ke rubuce a takardar wayar, ya gwada su da na kamfanonin ƙasar da zai je.

Lambar gida ita ce jari

A ɗauka wani mai sayar da albasa daga Boɗinga ya isa wata ƙasa, ya cire layinsa na gida ya jefa a aljihun jaka, ya sa na can. Washegari ya tashi biyan kuɗin mota ta manhajar bankinsa, sai bankin ya aika masa da lambar sirri ta lokaci ɗaya zuwa layin da ke kwance cikin jaka. Ya mayar da layin cikin waya, sabis ya ƙi zuwa, domin bai nemi kamfaninsa ya buɗe masa damar aiki a ƙasar waje ba kafin ya baro gida. Ga kuɗi a asusu, ga mai mota tsaye, ga albasa tana jiran rana ta lalata ta. Da ma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tun daga Disamba 2020, lokacin da gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, layin waya ya zama tamkar takardar shaida. Banki ya san mutum da shi, abokan ciniki sun san shi da shi, asusunsa na WhatsApp ma a kansa yake rataye. Idan layi ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na da ikon rufe shi, daga baya ya sake sayar da lambar ga wani, wanda saƙonnin bankin mai ita na farko za su iya fara shigo masa. Don haka matafiyin da zai yi watanni a waje wajibi ne ya bar layinsa da rai.

Hanyar yin haka ita ce abin da kamfanoni ke kira romin, wato layi ya baƙunci turakun wani kamfani a wata ƙasa bisa yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanonin biyu. Baƙunta kuwa tana da tsada. A gida mai kira ne ke biya, amma a romin har wanda aka kira yakan biya, domin sai an ɗauko kiran daga Nijeriya an kai masa inda yake. Karɓar rubutaccen saƙo ne kaɗai yawancin kamfanoni ba sa cajin komai a kai, shi ne kuwa abin da farke ya fi buƙata daga layinsa na gida.

Layi biyu, aiki biyu

Daga nan mafita ta bayyana. Matafiyi ya nemi waya mai ɗaukar layi biyu. Na gida ya zauna a ciki domin saƙon banki da kiran gaggawa, a kashe masa data. Na biyu kuwa a saye shi a ƙasar da aka sauka, shi zai ɗauki nauyin data da kiran abokan ciniki na can a kan farashin 'yan ƙasa. A Nijar akwai Airtel da Moov da Zamani. A Saudiyya akwai STC da Mobily da Zain. A Daular Larabawa akwai Etisalat da du. Kusan ko'ina sai an nuna fasfo ko wata shaida kafin a yi rajistar layi, don haka kada a sayi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, komai arharsa. Asusun WhatsApp kuwa yana ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko da data daga sabon layi take zuwa, muddin ba a taɓa wurin sauya lamba ba.

Kada kuma sunan kamfani ya ruɗi kowa. Kasancewar akwai Airtel a Nijeriya da Nijar, ko MTN a Nijeriya da Benin da Gana, bai mai da su layi ɗaya ba. Kowanne yana ƙarƙashin dokar ƙasarsa da farashinta. A 2017 ƙungiyar ECOWAS ta amince da wata ƙa'ida ta rage tsadar romin tsakanin ƙasashenta, amma aiwatar da ita ya yi ta tafiyar hawainiya, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Mai hankali zai tambayi farashin kira da na data a ofishin kamfaninsa kafin ya ɗaura kaya. Masu zirga-zirga a Illela da Ƙonni kuma su lura, igiyar rediyo ba ta san shingen kwastan ba. Waya na iya kama turken tsallake alhali mai ita bai ƙetare ba, kuɗi ya yi ta zurarewa. Maganin wannan shi ne a shiga saitin waya a zaɓi kamfani da hannu.

Kowace ƙasa da ƙofarta

In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura, in ji masu iya magana. A Daular Larabawa ana aika rubutu da muryar da aka naɗa ta WhatsApp, amma an toshe kiran baki da na bidiyo a cikinta. A Sin kuwa WhatsApp da Facebook da ayyukan Google duk a toshe suke a kan layukan ƙasar. 'Yan kasuwar Guangzhou da WeChat suke magana, da ita da Alipay kuma suke karɓar kuɗi. Wanda za shi can ya sauke waɗannan manhajoji tun yana gida. A nan ne ma datar romin take da rana, domin bayanin layin baƙo yakan koma ta kamfaninsa na gida kafin ya shiga intanet, saboda haka toshewar ba ta cika shafarsa ba.

Akwai tarkuna biyu a kasuwar waya da suka cancanci faɗakarwa. Na farko, wasu wayoyin gwanjo da ake kawowa daga Amurka da Turai a kulle suke da kamfani ɗaya, ba sa karɓar wani layi. Tun daga iPhone 14 ta 2022 kuma, waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka ba su da ramin sa katin layi sam, sai layin da ake saukewa cikin waya, wato eSIM. Na biyu, wayoyin da aka ƙera domin cikin gidan Sin sukan zo babu rumbun manhajojin Google, manhajar banki kuwa tana iya ƙin aiki a kansu. Kafin a biya kuɗi, a sa layuka biyu na kamfanoni dabam-dabam a gwada, a kuma danna *#06# a ga lambar IMEI mai alƙaluma 15, a tabbatar ta yi daidai da wadda ke jikin kwali, a rubuta ta a ajiye saboda ranar ɓata.

Batir da zafin rana

Kamar yadda sinadaran narka abinci a jikin mai rai suke lalacewa idan zafi ya wuce kima, haka batirin lithiyam yake saurin tsufa idan ya daɗe a zafin da ya haura digiri 35. A bazarar Sakkwato zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle a gaban gilashin mota. Wayar da ke nesa da turke kuma tana ƙara ƙarfin igiyarta domin a ji ta, batir ya yi ta zuba. Don haka batir mai awon 5,000 ya fi wa farke amfani a kan ƙarin idon hoto. Wanda zai hau jirgi ya sani cewa fawa banki a jakar hannu ake sa shi, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce wat-awa 100. Lissafin mai sauƙi ne: mai awon 20,000 idan aka ninka da bolt 3.7 aka raba da 1,000 zai ba da 74, ya tsallake ke nan; mai awon 30,000 zai ba da 111, ana iya riƙe shi a filin jirgi. Bakin soket ma ya bambanta: Saudiyya da Dubai suna amfani da mai ƙafa uku irin na Nijeriya, Nijar da Benin kuwa mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa.

Masu ganin tsada ita ce daraja

Wani zai ce ɗan kasuwa da shigarsa ake auna shi, wanda ya fito da waya mai tsada a gaban dillali zai fi samun girmamawa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Manyan wayoyi sukan kama zanguna masu yawa, kamfanoninsu sukan daɗe suna aiko musu da gyaran tsaro, hotonsu mai kyau kuma yana taimakon mai nuna wa abokin ciniki samfurin yadi ko ƙwayar hatsi daga nesa. Wanda jarinsa ya kai, babu laifi ya saya. Amma idan kuɗin waya ya cinye kashi mai tsoka na jari, an sayar da akuya an sayi tirke. Waya mai tsada tana jan idon ɓarawo a tasha, idan ta fashe kuma samun kayan gyaranta a ƙaramin gari aiki ne. Matsakaitan wayoyi irin su Tecno da Infinix da wasu na Samsung suna da layi biyu da babban batir, masu gyaransu kuma suna nan a kusan kowace kasuwa a Afirka ta Yamma. Dabara ce kuma a riƙe wata ƙaramar waya mai maɓalli a ajiye, wadda cajinta ke kwanaki.

Aikin da ke gaban ɗalibai

Yawancin iyayen da ke wannan fatauci sun ƙware a lissafin riba da sanin mutane, amma takardar da ke cikin kwalin waya da Turanci take, cike da alƙaluma. 'Ya'yansu da ke makarantun sakandare na Boɗinga da Shagari sun karanta igiyar rediyo da awon wutar lantarki a darasin fiziks, sai dai da wuya a nuna musu cewa wannan karatu yana da alaƙa da motar albasar da ke ɗaukar nauyin karatunsu. Malamin kimiyya na iya ba ɗalibai aikin gida: kowa ya binciko zangunan da wayar gidansu ke kamawa, ya lissafa wat-awa na fawa bankin da ke gidan, ya kuma rubuta abubuwan da matafiyi zuwa Ƙonni ko Jidda ya kamata ya yi kafin ya tashi. Yaron da ya zauna da mahaifinsa daren tafiya ya tabbatar an buɗe romin, an kashe datar layin gida, an sa wa waya da katin layi lambar kulle, an kuma rubuta muhimman lambobi a takarda, ya yi wa gidansu aikin da a da sai gogaggen madugu ke yi wa ayari.