A Bar Wa Kan Fadama Ciyawarsa

A ƙasashen sanyi irin su Finlan da Kanada akwai dausayi a mafarin ƙoramu, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ɓuɓɓugowa. Sanyi da ƙarancin iska a cikin ruwan kan hana matattun tsirrai ruɓewa sosai, sai su taru su zama baƙar ƙasa mai kama da soso. Kaurinta kan ƙaru da kimanin milimita 1 kacal a shekara.

A ƙasar Kano zafi ba ya barin irin wannan ƙasa ta taru. Mafi kusa da ita ita ce baƙar lakar kan fadama, kamar wadda ake gani a kwarurrukan Dawakin Tofa. Saiwoyin jema da sauran ciyayin dausayi ke riƙe ta, ita kuwa ta tsare ruwan damina, ta riƙa sakinsa sannu a hankali zuwa rijiyoyi da ƙoramu har cikin rani.

Manomin da gona ta yi wa kaɗan ba abin zargi ba ne in ya hango fadama. Amma idan aka nome kanta ƙaf, zafi da iska za su cinye takin da ke cikin lakar, zaizaya ta kwashe ta, yashi ya binne saura.

Saboda haka ya kamata dagatai da manoma su keɓe mafarin kowace ƙorama, kada garma ta taɓa shi. Malamai kuma su kai ɗalibai su haƙa rami a fadama da jigawa, su kwatanta launi da danshin ƙasar da idonsu.