Ƙarancin Fararen Ƙwayoyin Jini: Lamba Kaɗai Ba Ta Isa A Yanke Hukunci Ba

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai nau'in da ake kira niyutrofil, wanda shi ne ke fara tarar ƙwayoyin cuta idan suka shiga jiki. Littattafan likitanci sun ɗauki adadin da ya gaza 1,500 a maikurolita ɗaya na jini a matsayin ƙaranci, wanda ya gaza 500 kuwa a matsayin mai haɗari. Sai dai idan ƙarancin na gado ne, tsananinsa ya dogara ne kan ƙwayar halittar da ta samu sauyi.

A 1956 likita Rolf Kostmann ya bayyana cutar a wasu iyalai na arewacin Suwidin, inda jarirai ke mutuwa da maruru da ciwon huhu. Sai a 2007 aka gano cewa sauyi a ƙwayar gado ta HAX1 ne sanadi, kuma sai yaro ya gaje shi daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi bayyana inda ake auren zumunci. Ƙwayar ELANE kuwa, wani sauyin nata kan sa adadin ya faɗi duk bayan kwana 21 sannan ya farfaɗo, wani kuma kan jawo ƙaranci na dindindin da ka iya rikiɗewa ya zama sankarar jini. Allurar G-CSF ta ceci yara da dama, wasu kuma sai da dashen ɓargo.

Abin da ya fi shafar Najeriya shi ne wani sauyi na daban. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininsu, gadon da ke ba su kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Da yawansu adadin niyutrofil ɗinsu ya kan gaza ma'aunin da aka tsara bisa jinin Turawa, alhali ƙalau suke. Likitan da bai lura da haka ba zai iya ɗage wa mai sankara magani ba gaira ba dalili. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sassauta ƙa'idar ba da maganin taɓin hankali na clozapine saboda wannan dalili.

Kuskuren na iya zuwa ta ɗaya ɓangaren: a sallami jaririn da ke fama da gyambon baki da zazzaɓi a kai a kai, a ce ai jinin baƙar fata haka yake.

Ya wajaba Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hukumar da ke kula da ɗakunan gwaje-gwaje su fitar da ma'aunin jini da aka gina bisa jinin 'yan ƙasa. Manyan asibitocin koyarwa su samar da gwajin ƙwayoyin gado, hukumar inshorar lafiya kuma ta sanya allurar G-CSF cikin abin da take biya wa yaran da aka tabbatar suna da cutar.