Littafin lanho da ya riƙe sunayen kakanni

A unguwar Kiyu, gefen birnin Landan, akwai gidan ajiyar tsofaffin takardun gwamnatin Ingila. Cikin abin da masu neman asalinsu suke buɗawa a can har da littattafan harajin koyon sana'a.

Tun shekarar 1563 doka ta ce duk mai son ya ci abinci da sana'a a ƙasar sai ya yi shekara 7 a ƙarƙashin maigida. Uba yakan kai ɗansa wurin maƙeri, ko masaƙi, ko ɗan kasuwa, ya biya kuɗin koyo, a rubuta yarjejeniya. A 1710, lokacin da Ingila take yaƙi da Faransa kuma baitulmali yana neman kuɗi, sai aka ɗora wa wannan kuɗi haraji: sisi a kan kowane fam, sule guda idan ya wuce fam 50. Magatakarda yana rubuta sunan maigida da sana'arsa da garinsa, da sunan yaro, da abin da aka biya. Har zuwa wajen 1752 yakan ƙara sunan uban yaron, kuma wannan layi guda shi ne abin da jikoki suke nema, domin da shi ake haɗa tsatso da tsatso. Littattafan sun tsaya a 1811.

Sai dai mai karɓar lanho ba ya rubuta wanda ba ya biya. Yaron da ya gaji sana'ar ubansa galibi babu yarjejeniya a kansa, kamar dai yadda ɗan maƙeri ke tashi a bakin zugazugi ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. Marayu da ƴaƴan talakawa waɗanda majalisar coci ta unguwa ta raba wa masu sana'a, wasu har aka tura su masaƙun auduga na Lankasha, an ɗauke musu harajin. Su ne suka fi shan wahalar aikin, su ne kuma babu sunansu a Kiyu. Mai nemansu sai ya bi takardun coci a gidajen ajiya na larduna, inda wasu suka tsira wasu suka ɓace.

Akwai wani tarko kuma. Ɗaya daga cikin ranakun da ke cikin littafin ranar biyan haraji ce, kuma maigida yakan yi jinkiri. Wanda ya ɗauke ta a matsayin ranar fara koyo ya ƙirga shekarun haihuwa daga nan yana iya ɗaukar ƙane a madadin wa, tunda sunaye irin su Jon da Wiliyam suna maimaituwa a gida ɗaya.